Zakunan Umm Barona da Namun da Ba Su da Suna

A cikin labaran da suka fita daga Wad Madani zuwa kunnen duniya a shekarar farko ta wannan yaƙi, akwai guda ɗaya da aka iya bayar da shi ƙwarai, kuma saboda iya bayarwar ne nake son mu zauna mu dube shi da idon nazari. Labarin zakuna ne. Ga yadda yake, don wanda bai ji ba.

A watan Janairu na 2020 wani ɗan Khartum mai suna Usman Salih ya ɗora hotunan wasu zakuna a Facebook. Zakunan lambun Ƙurashi ne, yunwa ta tsotse su har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga bayan keji. Hotunan suka zagaya duniya cikin 'yan kwanaki. Ƙungiyar Four Paws, mai hedikwata a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta turo likitan dabbobinta Amir Khalil, ɗan asalin Masar, wanda ya riga ya yi suna wajen fitar da namun daji daga Mosul da Gaza. Wata zakanya da ake kira Kandaka, wadda kowa ya ɗebe tsammani da ita, ta farfaɗo. Daga baya Usman da abokansa suka kafa wurin kula da irin waɗannan dabbobi a Baƙer, can gefen Jazira ta arewa, kusa da Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wurin ya faɗa tsakiyar wuta, abinci ya yanke, wasu dabbobin suka mutu. A watan Nuwamba aka kwashe kusan hamsin a manyan motoci aka kawo su dajin Umm Barona, kurmin bagaruwar nan na bakin Kogin Nilu Shuɗi a Madani, domin a lokacin Madani ce tudun mun tsira. Ba a daɗe ba, ranar 18 ga Disamba, dakarun RSF, waɗanda mu a nan muke kira Da'ama, suka shiga garin. Aka sake kwashe waɗanda aka iya aka yi gabas da su, jirgin sama ya kai su Jodan, kuma a watan Fabrairu na 2024 zakuna goma sha ɗaya suka sauka a gandun Lionsrock na Afirka ta Kudu.

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare ya san wannan gini. Akwai abin tausayi mai suna da fuska. Akwai jarumi da ya shiga inda kowa ke gudu. Akwai hanya mai shingaye, akwai lokaci da ke ƙurewa, akwai faɗuwa ta biyu daidai lokacin da aka ce an tsira, sannan ga ƙurunƙus mai daɗi a kan ciyawa kore. Ko sunan Kandaka ma ya yi wa labarin aiki, don sunan sarauniyoyin Kush ne na dā, kuma shi ne sunan da aka riƙa kiran matan da suka fito zanga-zangar 2019. Bidiyoyin da rahotannin da aka yi a kai ba su ƙara gishiri mai yawa ba, abin ya faru ne a haka. Mutanen da suka zauna suna ciyar da zaki alhali harsashi na wucewa ta kansu sun yi abin da yawancinmu ba za mu iya ba, kuma ban ga dalilin rage musu ko ƙwayar zarra ba. Haka kuma ba na cikin masu cewa ai da kuɗin jirgin an sayi dawa an raba. Kuɗin da aka tara don zaki ba zai taɓa zuwa don dawa ba, wanda ya san yadda ake tara gudummawa a Turai ya san haka. Sai dai mutumin Madani da ya bi hanyar Sinnar ko Gadarif a wannan Disamba, da ƙafa ko a bayan akori-kura, yana da haƙƙin ya ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro in ya ga kejin ya riga shi samun takardar fita.

Matsalata da labarin tana wani wuri dabam. Ana ba da shi ne a ƙarƙashin taken kare namun daji masu ƙarewa, mai sauraro kuma ya tashi da tunanin an ceci zakunan Sudan. Alhali waɗannan zakuna na keji ne, daga gidajen kallo da hannun masu kiwon sha'awa aka tattaro su, kuma ba za a sake su su koma farauta ba har abada. Ceton su jinƙai ne, jinƙai kuwa abu ne mai lada. Amma ko ɗaya bai ƙara yawan zakin da ke yawo a dawa ba. Aiki biyu ne mabambanta, labarin ya haɗe su a ƙwarya ɗaya, ya bar mai ji da natsuwar da bai kamata ya samu ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. Karkandan nan mai suna Sudan, namiji na ƙarshe na jinsin fararen karkanda na arewa, an kama shi a 1975 a yankin Shambe, wanda yanzu yake Sudan ta Kudu, aka kai shi gidan kallo a Cekoslobakiya. Ya mutu a Kenya a watan Maris na 2018, duniya ta yi masa makoki, ana ta nuna hoton masu gadinsa da bindigogi. Ya rayu ne saboda an fitar da shi. 'Yan uwansa da aka bari a dawa an gama da su tun kafin nan, ba wanda ya san ranar da na ƙarshensu ya faɗi, don ba shi da suna.

Namun Sudan marasa suna, waɗanda suka fi kusa da mu, suna Dindir. Gandun yana kudu maso gabas da Madani, a kan iyakar Habasha, inda jihohin Sinnar da Gadarif da Nilu Shuɗi suka haɗu, faɗinsa wajen murabba'in kilomita dubu goma. Turawan Ingila ne suka shata shi a 1935, bayan yarjejeniyar Landan ta 1933. UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kula da halittunsu a 1979, aka kuma shigar da shi yarjejeniyar Ramsar ta dausayi a 2005. Ruwansa ma namu ne: kogin Rahad da ke gefensa yana zuba cikin Nilu Shuɗi a Abu Haraz, dab da Madani, kogin Dindir kuma yana zuba tsakanin Sinnar da Madani. Dukansu biyu na damina ne. In rani ya yi sai su tsaya, ruwa ya rage a tafkunan da ake kira maya'a, tsofaffin lanƙwasar kogi da suka yanke suka zama fadama. A nan ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da mugun dawa da jimina ke taruwa, zaki kuma yana bin su. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 2010, bayan an tabbatar da akwai zakuna a gandun Alatish na Habasha mai maƙwabtaka da shi, ya nuna Dindir na da zakuna fiye da ɗari. Waɗannan ne zakunan Sudan. Ba a taɓa yi wa ɗayansu bidiyon da ya zagaya duniya ba.

In an tashi ba da labarin Dindir kuwa, sai a ɗauko ginin tatsuniyar nan a juya shi. Tunda babu jarumi mai suna, sai a nemi mugu. Mugun shi ne mutumin ƙauye: mai shiga da shanu, mai sarar itace, mai ɗiban zuma, mai kafa tarko, mai jefa koma a maya'a. Hoton da aka saba nunawa shi ne na 'yan sandan namun daji, domin a Sudan aikin gadin gandu na 'yan sanda ne, tsaye kan garken da aka kama. A nan ne nake ganin labarin ya fi yin rauni, don ya fara daga tsakiya.

Farkonsa yana wajen gandun. A dā manyan namun Dindir ba su zama cikinsa shekara duka. In damina ta sauka, ƙasar laka ta jiƙe, sai dari da raƙumin dawa da wasunsu su fita zuwa filayen ciyawa na waje, su dawo da rani. Waɗannan filaye su ne noman tarakta ya cinye. An fara shi a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumar noman injina a 1968 da rancen Bankin Duniya. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, wato kusan duk makiyaya da gonakin gado, shekara guda bayan nan kuma gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya, wanda shi ne ke raba burtali da mashaya. Aka yanka ƙasar gonaki manya-manya, feddan dubu ko fiye kowace, aka ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata mazauna birni, suka shuka dawa da riɗi. Namun da suka fita da damina suka tarar da garma da bindigar mai gadin gona, naman kuma ya zama abincin leburori. Haka dari ya ƙare a Dindir, haka raƙumin dawa ya ɓace tun shekarun 1980. Makiyayin da aka toshe wa burtali shi ma bai da inda zai nufa da rani sai maya'a. Farin 1984 da 1985 ya koro jama'a daga yamma suka zauna bakin Rahad da Dindir, a daidai shekarun da aka faɗaɗa iyakar gandun ta haɗiye ƙauyukan da ke nan. Ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta rufe wa garkuna da yawa hanyar kudu da suka saba bi, suka dawo suka taru a nan.

Mai gonar feddan dubu ba ya fitowa a hoto. Yana Gadarif ko Khartum, takardarsa na aljihu. Wanda ke fitowa shi ne mai koma.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu magana da Hausa, wato kalma. Turanci yana da kalma ɗaya tak, gajera, mai ɗauke da hukunci, ga wanda ya yi farauta a inda aka hana, kuma tarihinta tarihin dazuzzukan sarakunan Ingila ne, inda barewa ta sarki ce, talakan da ya kama ta ɓarawo ne. Hausa ba ta da irinta. Muna da maharbi, muna da mafarauci, muna da ɗan tauri da sarkin baka, kuma duk sunaye ne na girma. Shi ya sa in gidajen rediyo za su fassara, sai ka ji sun ja doguwar jimla, masu farauta ba bisa ƙa'ida ba, ko ba bisa doka ba. Wasu na ganin wannan gazawar harshe ce. Ni a ganina jimlar ta fi kalmar Turancin gaskiya, don tana tilasta wa mai ji ya tambaya: wace ƙa'ida, wa ya kafa ta, yaushe? Illarta ɗaya, buhu ce mai faɗin baki, kome aka jefa sai ya shige. Mahaya dawakin da suka fito daga Sudan suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida na Kamaru a farkon 2012, da bindigogin yaƙi, don hauren da za a kai kasuwannin Asiya, suna cikin buhun. Waɗanda suka rage giwayen Zakuma na Cadi daga wajen dubu huɗu zuwa ƙasa da ɗari biyar cikin shekara goma suna ciki. Tsohon da ya shanya kajek, busasshen kifin da ake sayar wa leburorin gonakin taraktan nan, shi ma yana ciki. Baƙon da ya zo daga ƙasashen Tekun Fasha da jerin motoci da shahunansa, ya share barewa da tuje a filayen gabas, shi ba ya ciki, don yana da lasisi. Marubuci ko ɗan jaridar da ya yi amfani da jimla ɗaya ga na farko da na uku, ya kuma tsame na huɗu, ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya fara labari.

Kuma mun san abin da irin wannan hukunci ke jawowa a ƙasar nan. Hausawa sun fi ƙarni a bakin Nilu Shuɗi. Maiwurno, kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa ta bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma hannun kakanninmu na cikin audugar Jazira tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925. Su ne masunta, su ne masu noman bakin kogi. Duk da haka tambayar ko mu 'yan ƙasa ne ba ta mutu ba, ita ce ta tashi a Damazin da Rusairis a watan Yuli na 2022, ta sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka, tushen rigimar kuwa ƙasa ce da sarauta. A wurin da ake kiran mutum baƙo, kiransa mai ɓarna a gandu ƙarin itace ne a wuta. Wanda ke rubutu daga nesa bai san nauyin abin da ya ɗora ba.

To amma kada mu yi saurin wanke kanmu, don adabinmu ma akwai abin dubawa a cikinsa. Kirarin maharba da waƙoƙin farauta, gwargwadon yadda suke da daɗi da zurfin sanin dawa, an gina su ne a kan tunanin cewa dawa ba ta ƙarewa. Gwarzo shi ne wanda ya kashe da yawa, ya kashe babba. Dabba a cikinsu abokiyar gāba ce mai tsafi, ana tsoronta, ana girmama ta, amma ba a taɓa tunanin wata rana za a wayi gari babu ita. A tatsuniya kuwa zaki da kura da giwa mutane ne sanye da fata, sarki da wawa da mai ƙarfi, Gizo yana wasa da hankalinsu. Yaro zai iya haddace tatsuniya talatin ta kura bai san ko 'ya'ya nawa take haifa ba. Wannan adabi ya yi daidai da zamanin kibiya da dafi, lokacin da maharbi ɗaya ke kwana uku yana bin sawun gwanki. Bai shirya wa zamanin kalashinkof da babur ba. Kuma gaskiya ce cewa wutar da mai ɗiban zuma ke kunnawa tana cin daji, cewa komar sauro da ake ja a tafki tana kwashe har 'ya'yan kifi, cewa sharmut ɗin naman dawa da ake sayarwa a ɓoye wani ne ya harbo shi, wani lokacin namu ne. Wanda ya ce duk laifin na tarakta ne shi ma tatsuniya yake yi, ya dai sauya mugun ne kawai.

Abin mamaki shi ne muna da wata hanyar magana a kan wannan a cikin gidanmu, ba mu cika amfani da ita ba. Yawancin kakannin Hausawan Sudan alhazai ne, hanyar Makka ce ta kawo su. Sun san cewa mai harama ba ya farautar tudu, hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida, sun san cewa ba a korar naman Harami, ba a sare itacensa. Fiƙihu ya san hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a: Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma abin da aka ruwaito daga Umar shi ne ya umarci mai gadin ya sassauta wa mai 'yan dabbobi kaɗan, ya tsananta wa masu manyan garkuna. A Dindir an yi kusan akasin haka. Da malamin ƙauye a bakin Rahad zai yi bayanin gandu da wannan harshe, da ya fi allon sanarwa na Turanci da Larabcin ofis shiga kunne. Shirin da aka gudanar a Dindir a farkon shekarun 2000 da kuɗin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗan kama hanya, ya kafa kwamitocin ƙauyuka, ya ba da ƙananan rance, ya raba gandun zuwa cibiya da ba a taɓawa da gefen da jama'a ke iya amfana. Da kuɗin suka ƙare, yawancin abin ya lafa, kamar yadda aka saba.

Akwai labarin da nake ganin ya fi na Umm Barona dacewa da mu, ko da yake bai kai shi daɗin ji ba. A Kure ta Nijar, gabas da Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a gandu suke ba, cikin gonakin gero da wake na Zabarmawa suke yawo, suna cin amfanin mutane. Ba a tashi kowa ba. An hana kisa da gaske, an ɗauki 'yan ƙauyen aikin rakiyar masu zuwa kallo, an haƙa rijiyoyi, an ba da rance, ana ƙirga dabbobin ɗaya bayan ɗaya ta zanen jikinsu. Suka haura ɗari shida, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Manoman ba su daina ƙorafi ba, rashin tsaro kuma ya kori masu yawon buɗe ido tun bayan harin 2020. Labari ne mai tafiyar hawainiya, shekara ashirin da wani abu, babu jirgin sama, babu ƙurunƙus. Marubucin da zai iya riƙe mai karatu da irinsa ya fi wanda aka miƙa wa zakanya mai suna Kandaka aiki.

Yaƙin da ya kori zakunan keji daga Madani bai tsaya nan ba. Da'ama sun kama Sinja a ƙarshen Yuni na 2024, suka shiga garin Dindir a farkon Yuli, sojoji suka karɓe shi a Oktoba, suka dawo Madani ranar 11 ga Janairu, 2025. Watannin nan jama'a da garkunansu sun watsu ko'ina a gabashin Sinnar, bindiga ta yi araha, yunwa ta yi yawa, kuma ko'ina a Afirka aka haɗa waɗannan uku kusa da gandu an san abin da ke biyo baya, Garamba ta Kwango da Gorongosa ta Mozambik shaida ne. Ɓaunar da aka harba a bakin maya'a a wannan rani ba ta shiga rahoton kowa ba.

Na gwada kiran sunayen namun nan a gaban samarinmu 'yan makaranta, masu Hausa da Larabci a baki ɗaya. Zaki da kura da giwa kowa ya sani. Ɓauna, wasu. Gwanki, mariya, mazo, batsiya, gwambaza, sai kallon-kallo. Dari kuwa suka ɗauka sanyi nake nufi, ko lamba. Kalmar tana nan a ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, shekara guda kafin a shata Dindir, lokacin da dabbar ke fita garke-garke da damina zuwa filayen da yanzu riɗi ne.